Yadda Muka Auna Daminar 2024, Daga Zafin Bazara Zuwa Ɗaukewar Ruwa

A tashar lura da yanayi, shirin damina tun watan Maris ake fara shi, lokacin da hunturu ya gama zuba ƙurarsa cikin kowane kayan aiki. Haka muka yi a 2024, kafin kowa ya san cewa daminar da ke tafe za ta zubo ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, tun daga Mali, ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya, har Chadi da Sudan. Tashar da ta yi wasa da wannan shiri, a ranakun da aka fi buƙatar alƙalumanta ta rasa su, domin kayan awo ba sa nuna lahaninsu ranar yayyafi. Sai ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya asirinsu ke tonuwa.

Ma'aunin ruwan sama ba shi da wani sarƙaƙiya. Mazurari ne a sama, kwalba a ƙarƙashinsa, gwangwanin da ya rufe su, sai kwalbar awo ta gilashi mai zane-zane. Wanda aka saba da shi a Najeriya faɗin bakinsa milimita 127 ne, wato inci 5, kuma ana kafa shi bakin na santimita 30 daga ƙasa. A Nijar an fi ganin mai bakin da faɗinsa ya kai santimita murabba'i 400, a ɗore kan ƙafar ƙarfe, tsayin mita 1 zuwa 1.5. A mai inci 5, ruwan milimita 1 yana tara mililita 12.7, a mai faɗin baki kuwa mililita 40. Saboda haka kowane ma'auni da kwalbar awonsa. In ta fashe aka aro ta wani iri, alƙaluman daminar duka sun tashi a banza, kuma ba mai ganewa sai an zo kwatanta su da na maƙwabta. In ba yadda za a yi, ana auna ruwan da kofin awo mai mililita irin na asibiti, a raba da 12.7 ko da 40, a rubuta a gefen littafi cewa haka aka yi ranar.

Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, lita 10,000 ke nan a hekta guda. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo lita 5,000, wato duro 25. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai fahimci sauran alƙaluman da ke tafe.

Dubawar Maris abubuwa huɗu ce. A ɗora ma'aunin daidaito irin na magina a kan bakin mazurari, domin in ya karkata wajen gabas, inda ruwanmu ya fi fitowa, zai kama fiye da gaskiya, in ya karkata yamma ya kama ƙasa da ita. A duba ko bakin ya lotsa. A cika kwalba da gwangwani da ruwa su kwana, a ga ko suna yoyo. Sannan a auna nisan abin da ke kewaye: kowace bishiya ko gini ya zama nisansa aƙalla ninki biyu na tsayinsa, ninki huɗu ya fi. A nan ne tashoshi da yawa ke cutuwa ba su sani ba. Darbejiyar da aka dasa don inuwar ofis shekara goma da suka wuce yanzu ta tare hanyar ruwa, ko an yi sabon bene a maƙwabta. Ƙasan ma'auni kuma a bar gajeriyar ciyawa ko a zuba tsakuwa, kada a yi daɓen siminti, domin ɗigon ruwa mai ƙarfi yana dukan siminti ya fallatsa cikin mazurari.

Kafin ruwa, zafi muka fara sha. Ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, ana tsakiyar azumi, zafin da ya rufe yankin Sahel ya wuce misali. A Kayes ta ƙasar Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. A ƙasar Hausa dama Afrilu kan kai digiri 40 ko ya ɗara a wurare irin su Sakkwato da Birnin Ƙonni, amma irin wannan zafi yana taɓa su kansu ma'aunan zafin. Suna zaune ne cikin farin akwatin katako mai ramukan shan iska, tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Fentinsa in ya dafe da ƙura yana shan rana, sai ya ƙara wa abin da ake karantawa, don haka a wanke shi ko a sake fenti kafin bazara. Ma'aunin zafi mafi yawa mai zaiba ne, yana da ɗan maƙogwaro da ke hana zaibar komawa, sai an karanta an girgiza shi da hannu. Na zafi mafi ƙanƙanta mai ruwan barasa ne da ɗan tsinken gilashi a ciki, ana karkata shi tsinken ya gangaro ƙarshen ruwan. Shi ne zafi ya fi ɓatawa: barasar kan tashi ta taru a can saman bututu, layin ya tsinke, ma'aunin ya riƙa nuna sanyin da babu shi. Kowace safiya a ɗaga shi a duba samansa. In an ga ɗigo, a riƙe shi a tsaye a ɗan bubbuga har ya haɗe, a bar shi tsaye na awa ɗaya.

Akwai wani abu game da ƙofar akwatin da littattafan Turai ba sa damuwa da shi. Su sun ce a buɗe ta wajen arewa don kada rana ta faɗa kan ma'aunai. Mu kuwa da ke wajen layin digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana da tsaka ta arewa da mu take bi. A waɗannan watanni ƙofar kudu ake buɗewa in akwatin mai ƙofa biyu ne; in ɗaya ce, mai karatu ya tare ranar da jikinsa ya gama da sauri.

A ƙarshen Afrilu masana hasashen damina na Afirka ta Yamma, tare da cibiyar nazarin yanayi, noma da ruwa ta AGRHYMET mai mazauni a Yamai, suka yi taronsu na shekara suka ce ana sa ran ruwa sama da na al'ada a yawancin Sahel. A Najeriya hukumar NIHSA mai lura da koguna ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗarin ambaliya. Hasashe irin wannan ba ya faɗa maka ranar da garinku zai sha ruwa. Amfaninsa a wurinmu shi ne a tanadi kwalbar awo ta biyu, bokiti mai murfi, tocila, fensir maimakon biro, da wanda zai riƙe aiki in mai shi bai samu isowa ba.

Faɗuwar damina muna da ƙa'idar tabbatar da ita, wadda M.V.K. Sivakumar ya fitar a 1988 yana aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai: bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da ke biye kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa. Sharaɗi na biyun shi ne ke raba damina ta gaskiya da ruwan kwazari, wanda ke yaudarar manomi ya zuba iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Wahalar ƙa'idar ita ce ba a iya cewa damina ta faɗi sai wata guda ya wuce, alhali mai gero yau yake son amsa. Abin da muke iya ba shi nan take shi ne zurfin laima: a tona, in danshi ya kai tsawon tafin hannu da yatsu, shuka a jigawa tana da madogara.

Alamar da muka fi bi ita ce laimar iska. A cikin akwatin akwai ma'aunai biyu tagwaye, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe masa ƙyallen auduga da lagwani a cikin ɗan kofin ruwa. Tazarar da ke tsakaninsu ke nuna bushewar iska. A bazara takan haura digiri 15, cikin marka da safe takan koma digiri 1 ko ƙasa. Ƙyallen a canza shi duk mako, kuma ruwan kofin ya zama tatacce irin na batir ko ruwan sama, domin na rijiya da na burtsatse suna barin gishiri ya toshe lagwani, ƙyalle ya bushe, tagwayen su nuna abu ɗaya, a rubuta laima ɗari bisa ɗari a ranar da ake ƙonewa. Daga waɗannan ma'aunai ake fitar da zafin da raɓa za ta fara sauka, kuma inda ya kai digiri 15 nan ake ɗaukar iyakar iskar damina mai laima da ke tasowa daga kudu maso yamma, inda take karo da busasshiyar iskar Sahara. Ruwa mai ƙarfi yana ɗaruruwan kilomita kudu da wannan iyaka. A shekarar al'ada iyakar kan kai wajen layin digiri 20 arewa da tsakiyar duniya cikin Agusta ta juyo. A 2024 ta zarce nan ta kuma daɗe, shi ya sa aka ga ambaliya a jihar Agadas da arewacin Chadi, har a Satumba ruwa ya kwanta a hamadar kudancin Maroko. Mu da ke kudu da ita sai muka tsinci kanmu a tsakiyar ɗamarar ruwa na tsawon makonni.

Yawancin ruwan Sahel, kashi 80 cikin ɗari ko fiye, daga manyan hadura yake zuwa, irin waɗanda ke haɗowa daga gabas su jeru layi guda su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Suna bin wani kaɗawar iska ta sama da ke wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, dalilin da ya sa ruwa ke zuwa mana kashi-kashi. Tsarin zuwansu kusan ɗaya ne. Iska ta ɗauke, gari ya yi zufa, gabas ta yi baƙi. Sai iska mai sanyi ta bugo da ƙarfi, a farkon damina da jar ƙura a gabanta, ma'aunin nauyin iska ya yi tsalle sama, zafi ya faɗi da digiri 8 zuwa 10 cikin 'yan mintuna. Ruwa mai ƙarfi ya biyo na rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan yayyafi mai ɗorewa na awa biyu ko uku. Kowanne muna rubuta lokacinsa: tsawar farko, inda iska ta fito, nisan da ido ke gani cikin ƙura, farawar ruwa, ƙarewarsa, ko an yi ƙanƙara. Nisan tsawa kuwa, a ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙara a raba uku, ya ba da kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ba mai fita filin awo, komai son alƙalami. Fili ne buɗaɗɗe mai sandunan ƙarfe, kuma aradu ba ta san ma'aikaci ba.

Rubuta lokacin farawa da ƙarewa shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi amfani a shekara irin wannan. Milimita 60 da ta sauka cikin awa takwas ƙasa za ta shanye mafi yawanta. Ita ɗin dai cikin minti 40 kan titi za ta bi. Ranar 30 ga Agusta aka ba da rahoton ruwan da ya kai kimanin milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a Maraɗi, garin da ruwan shekararsa gaba ɗaya wajen milimita 500 ne, aka rasa rayuka aƙalla 15. Kusan kashi uku cikin goma na ruwan shekara ke nan a zama ɗaya. Ba magudanar da aka gina don ɗaukar wannan.

Ga yadda ake auna irinsa. Karatun yau da kullum a babbar tasha ƙarfe 7 na safe ne agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe 6 agogon GMT, kuma abin da aka samu ana rubuta shi a ranar jiya, domin mafi yawan awowin nata ne. Ƙananan tashoshi wasu suna da nasu lokacin. Muhimmin abu kada ya canza. Kwalbar awo ta mai inci 5 milimita 10 take ɗauka, don haka ruwan milimita 150 cikawa 15 ne. A nan ake ɓata lissafi. Kowace cikawa a rubuta ta nan take, kuma a juye ruwan cikin bokiti, kada a zubar ƙasa, don in an yi shakka a sake aunawa. Ba lallai a cika ta daidai kan zane na 10 ba. A zuba kusa da shi, a ɗora ta a wuri madaidaici, a sauko da ido daidai da ruwan, a karanta ƙasan lanƙwasarsa. In kwalbar ciki ta cika ta tumbatsa cikin gwangwani, shi ma a juye a auna. In ana zaton ruwa zai fi ƙarfin ma'auni, da an samu sararawa kuma tsawa ta yi nisa a fita a kwashe, a rubuta lokacin, a haɗa da na safe. Wanda ya jira safe a ranar irin ta Maraɗi, abin da gwangwaninsa ke iya ɗauka kawai zai rubuta. Ma'aunin da bakinsa ke santimita 30 daga ƙasa kuma yana da wata matsalar: in ruwa ya kwanta a filin, yana iya ɗaga gwangwanin ya kifar da shi. Shi ya sa ake binne gindinsa sosai, kuma ba a kafa tasha a kwari.

Na'urar da ke auna kanta, mai ɗan cokali biyu da ke juyewa duk bayan milimita 0.2, ita ke ba mu ƙarfin ruwa minti-minti, kuma muna jin daɗinta. Amma ba mu yarda a cire na hannu saboda ita. Ruwan da ke sauka da ƙarfin milimita 100 a awa yana sa cokalin juyewa sau 500, kusan duk daƙiƙa bakwai, kuma a kowace juyawa akwai ruwan da ke zuba cikin cokalin da ya riga ya cika, ba a ƙirga shi. Iya ƙarfin ruwa, iya abin da take ragewa. Ƙurar da ke gaban hadari tana zama laka ta toshe maƙogwaron mazurarinta, sai ruwan ya riƙa ɗiga a hankali, a ga rubutu kamar an kwana ana yayyafi alhali minti 30 aka yi. Zanzaro na gina ɗaki a ciki, gizo-gizo na ɗaure cokalin. Cikin marka, in aka jera kwanaki ba rana, farantin sola ba ya cika batir, na'urar ta mutu da tsakar dare. Tsawa na ƙona ta, layin waya na ɗaukewa. Duk waɗannan a ranakun ruwa mai yawa suke faruwa.

Kaskon auna tashin ruwa, wato yawan ruwan da rana da iska ke tsotsewa, shi ma haka. Faɗinsa santimita 120.7, zurfinsa wajen 25, ana barin ruwansa santimita 5 zuwa 7.5 ƙasa da baki. Ruwan da ya wuce milimita 50 zuwa 75 zai cika shi ya zube, lissafin ranar ya lalace. In an ga babban hadari, a kwashe wani adadi sananne a rubuta. In ya riga ya zube, a bar gurbin ranar fanko. Katin auna hasken rana kuma, wanda rana ke ƙonawa a gane awowin da ta fito, in ya jiƙe ba ya ƙonewa yadda ya kamata, sai a sa alama a kansa.

Da marka ta kankama cikin Agusta, labarin zafi ya juya. Zafin rana da ke haura 40 a Afrilu ya dawo wajen 30, ranar da aka wuni da gajimare ma ba ya kaiwa. Na dare kuwa ba ya sauka sosai, yana tsayawa wajen 21 zuwa 23, domin gajimare da laima suna riƙe ɗumin ƙasa. Tazarar dare da rana da kan kai digiri 15 ko fiye a rani ta koma 7 ko 8. Mutane kan ce gari ya yi sanyi amma gumi ba ya bushewa, kuma duka biyun gaskiya ne. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ba abin da ke bushewa: ƙasa, bango, azara, hatsi. Saboda haka muke ƙirga kwanakin ruwa a jere, muna ɗaukar duk ranar da ta kai milimita 1. Ginin ƙasa yana jure babban ruwa guda in rana ta biyo baya. Abin da ke kayar da shi ruwan da ke dawowa kafin na jiya ya bushe, gindin bango ya jiƙe daga ƙasa, soro ya yi nauyi daga sama, musamman in indararo ya toshe. Tsohon masallacin Zinder, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya ga damuna sama da 150, ya rushe ranar 3 ga Satumba 2024. A Nijar baki ɗaya hukumomi sun ƙirga mamata sama da 300 da mutum fiye da miliyan ɗaya da abin ya shafa, kuma da yawa rushewar gida ce ta ci su, ba nutsewa ba. Ya kamata lissafin kwanaki a jere ya riƙa fita a rediyo kamar yadda jimilla ke fita, domin shi ne zai sa mai ɗakin ƙasa ya kwashe iyalinsa.

A gona ma haka abin yake. Gero da wake ba sa son ruwa ya kwanta a gindinsu, takin yuriya da aka watsa gab da babban ruwa ya tafi ke nan, shinkafar fadama kuma in ruwa ya shanye kanta kwanaki da yawa ta ruɓe.

Ma'aunin ruwan sama iyakarsa abin da ya sauka a kansa. Ambaliyar da ta fi ɓarna daga wani wuri take zuwa, bayan kwanaki. A Yamai kogin Kwara yana da cika biyu: ta damina, mai jan ruwa, wadda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, da ta ruwan Gini da ke isowa a Disamba zuwa Janairu. Matakin jan gargaɗi a can shi ne tsayin ruwan kogin ya kai santimita 620. A Satumban 2020 ruwa ya kai wajen 700, a Agustan 2024 ma ya haura jan layin, har ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin na wasu kwanaki. A Maiduguri madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, wadda aka gama a shekarun 1980 kuma ta taɓa ɓallewa a 1994, ta sake ɓallewa daren 9 wayewar 10 ga Satumba, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ruwan da ya cika ta a dazuzzukan kudu da birnin ya sauka, inda ma'aunai suka yi ƙaranci. Kafin nan, a ƙarshen Agusta, madatsar Arba'at kusa da Port Sudan ta fashe. A kwarin Haɗeja kuwa duk wanda ke son sanin abin da ke tafe sai ya bi ruwan da ya sauka a saman madatsun Tiga da Challawa, ya kuma tuna cewa ciyawar kacala ta cushe hanyoyin ruwa da yawa a ƙasa. Don haka daga tsakiyar Agusta ba ma aika alƙalamin rana shi kaɗai. Muna haɗa shi da jimillar kwana biyar da ta kwana goma da suka gabata, domin ƙasar da ta ƙoshi, kusan duk abin da ya ƙaru kogi yake tafiya.

Tattara alƙaluma kwana goma-goma ake yi: 1 zuwa 10, 11 zuwa 20, 21 zuwa ƙarshen wata. Kafin a haɗa sai an tace. Kuskure mafi muni shi ne rubuta sifili a ranar da ba a auna ba. Sifili na nufin an je an duba ba ruwa. In hanya ta yanke mai karatu bai iso ba sai bayan kwana uku, a rubuta abin da aka tarar a ranar ƙarshe, a ja baka a kan kwanakin uku a nuna tarin su ne. In ba haka ba, shekaru masu zuwa injiniya zai ɗauka ruwan rana ɗaya ne, ko kuma a rasa babbar rana gaba ɗaya. Ɗigon da bai kai a auna ba yana da alamarsa dabam, ba sifili ba ne. Akwai kuskuren ɗigo, 12.5 ta koma 125, kuma yana ƙaruwa in ana musayar alƙaluma da tashoshin Nijar, inda waƙafi suke sawa a wurin da Najeriya ke sa ɗigo. Littafin da yawancin alƙalumansa ke ƙarewa da 0 ko 5 yana nuna mai shi kintace yake yi. Sai dai a shekara irin 2024 dole mai tacewa ya yi hattara da hannunsa: alƙalamin da ya yi girma ba lallai kuskure ba ne. Hadari ɗaya na iya zuba milimita 90 a wannan unguwa ya bar 20 a tazarar kilomita goma. Kafin a soke babban adadi a kira mai tashar, a duba lokutan da ya rubuta, a dubi hoton tauraron ɗan'adam na daren.

Ƙiyasin tauraron ɗan'adam, irin su TAMSAT da CHIRPS, yana cike mana gurbin wuraren da ba tasha. Sanyin saman gajimare yake gani ya ƙiyasta ruwa a murabba'i mai faɗin kilomita 4 zuwa 5, don haka yana da kyau wajen nuna inda aka yi ruwa da jimillar wata, amma yakan rage babbar rana. Shi kansa da alƙaluman ma'aunan ƙasa ake daidaita shi.

Bayan tacewa ake kwatantawa da matsakaicin shekaru 30, wanda yanzu na 1991 zuwa 2020 ne: a raba jimillar bana da matsakaicin, a ninka da 100. A kula da wane matsakaici aka ɗauka, domin na 1961 zuwa 1990 ya ƙunshi farin shekarun 1970 da 1980, kuma sakamakon ba zai zo ɗaya ba. Kashi cikin ɗari ma yana ruɗi a arewa mai nisa: ƙarin milimita 100 a Agadas kusan ninka ruwan shekara ne, a Zariya kuwa da ke samun wajen 1,000 kashi goma ne kacal. Shi ya sa rahotonmu na ƙarshen damina ke ɗauke da abu biyar tare da jimilla: yawan kwanakin ruwa, rana mafi yawa, kwana biyar mafi yawa a jere, yawan ranakun da suka haura milimita 50, da fari mafi tsawo a tsakiyar damina. Game da dalili, 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa lokacin, tekuna sun yi ɗumi, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin ɗari. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution mai nazarin tasirin ɗumamar yanayi sun ƙiyasta a Oktoban shekarar cewa ɗumamar yanayi ta ƙara ƙarfin ruwan daminar da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a yankunan kogin Kwara da tafkin Chadi.

Ba a rufe littafin damina da ganin an fara yankan gero. A ƙa'idar Sivakumar sai an yi kwana 20 a jere ba ruwa bayan 1 ga Satumba. Ruwan ƙarshe ko kaɗan ne a auna shi, domin shi ke sa damman gero da gyaɗar da aka tuge su yi fumfuna. A Oktoba zafi kan sake ɗagawa zuwa 35 ko fiye kafin hunturu ya shigo, ga ƙasa jiƙe, ga kududdufai cike, lokacin da sauro ya fi yawa ke nan. A Nijar sai 28 ga Oktoba aka koma makaranta maimakon farkon watan, saboda azuzuwa da yawa sun lalace ko 'yan ambaliya na zaune a ciki.

Aikin ƙarshe gwada na'ura ne da kwafe littafi. In bakin na'urar santimita murabba'i 200 ne kuma tana juyewa a milimita 0.2, kowace juyawa mililita 4 ce. A zuba mililita 400 a hankali, ta ƙaramin rami, cikin kamar rabin awa, a ga ko ta ƙirga 100. In ta kauce da fiye da biyu ko uku, a daidaita ƙusoshin da ke ƙarƙashin cokalin a sake gwadawa, sannan a maimaita da zubawa mai sauri don a san nawa take ragewa a babban ruwa, a rubuta adadin a littafin tashar. A jera jimillarta ta kowane wata kusa da ta ma'aunin hannu. Inda suka saɓa, na hannu ake ɗauka a jimilla, nata kuma a lokaci da ƙarfi. Littafin kansa a ɗauki hoton kowane shafi, a aika kwafi hedkwata, a ajiye asalin a leda a saman kanta, nesa da ƙasa da gara.